Wadda Ta Zo Kyauta

Ku yi haƙuri da rubutuna, ban iya jera magana ba, kuma a ɓoye nake yi. Labarin wata yarinya ne a garin Bendigo, can ƙasar waje, sunanta Tahlia.

Tun da gwamnati ta ware wa yayanta Kieran kuɗin tallafin masu nakasa, gidansu ya koma kamar tasha. Kieran a keken guragu yake, hannunsa na dama ma ba ya aiki sosai. Kamfanoni suka yi ta rububinsa. Wannan ya aiko masa da hula, wancan ya kira Mama, mahaifiyarsu, a waya yana rantsuwa ma'aikatansu kamar 'yan uwa suke. Mai yi masa wanka daban, mai kai shi kallon ƙwallo daban. Duk wanda ya zo sai ya danna waya a bakin ƙofa, in zai tafi ya sake dannawa, don a san sa'o'in da za a biya shi. Shi kuwa Kieran duk abokansa yake ce musu.

Ita Tahlia magana ce ke ba ta wuya. A gida bakinta ras, amma a makaranta in malama ta kira sunanta sai harshen ya ƙi motsi. Har wurin likita Mama ta taɓa kai ta. Ran da wata mata ta zo gidan da kwamfuta a kan batun tallafi, har Tahlia aka yi wa tambayoyi, ta yi ta gyaɗa kai tana jira a gama.

Ƙawarta ɗaya ce, Shanae, 'yar jami'a, wadda Mama ta haɗa su. Duk Asabar sai ta tsaya da mota a ƙofar gida tana danne-dannen waya har Tahlia ta fito. Su je shagon gwanjo su yi ta gwada riguna marasa kyan gani suna dariya. In sun je sayen soyayyen dankali Shanae sai ta ce wai maƙogwaronta ke ciwo, Tahlia ta yi wa mai shagon magana. Da farko Tahlia kamar ta nutse don kunya, daga baya ta saba.

Wata rana da yamma suna cin abinci, Kieran ya shiga tsokanarta, wai an gaya masa a ɗakin karatu take ɓuya ta ci abincin rana ita kaɗai kamar ɓera. Yana yi yana dariya. Abin ya yi mata zafi.

"Ni dai ƙawata ba biyanta ake yi ba," in ji ta. "Kai ran da kuɗin nan ya ƙare, wa zai leƙo ka?"

Kieran ya kalli Mama, Mama ta kalli farantinta.  Ya juya kekensa ya shige ɗaki, bai ƙarasa abincin ba.

Daga ranar Tahlia ta kasa haɗa ido da shi. In ta ji ƙarar kekensa sai ta faɗa banɗaki ta kulle. Ta sha tsayawa a ƙofar ɗakinsa da niyyar ba shi haƙuri, kalmar ta maƙale. Abin da ya fi cin ta, washegari da mai wankan ya zo, Kieran bai ce masa abokina ba, sunansa kawai ya kira.

Ranar haihuwarsa ta faɗo Lahadi. Mama ta ce ma'aikaci ɗaya kawai za a kira, tunda kamfani ninka kuɗi yake yi ranar Lahadi. Nan Tahlia ta samu dabara. Za ta kawo masa mutum ɗaya wanda zai zo don kansa, ba sisi.

Da ta roƙi Shanae, sai Shanae ta ce bari su yi magana da Mama tukuna. Tahlia ta ce ai Mama ba za ta hana ba. Ta riƙe mata hannu ta yi ta naci har ta amsa.

Ran Lahadi kuwa sai ga Shanae da gyale mai launin ƙungiyar ƙwallon Kieran, ta rataya masa a wuya. Aka gasa nama a bayan gida, aka yanka kek. Tahlia ta daure ta durƙusa kusa da kekensa, ta nuna masa Shanae.

"Yaya, ka ga wannan? Don kai ta zo. Ba wanda ya biya ta."

Kieran ya kalle ta. Sannan ya ja mata kunne da hannunsa mai lafiya.

"Na gode, ɓera. Kin fi ni sa'ar ƙawa."

Ya ce a ba ta yankan kek ɗin da ya fi girma. Ran nan ne ta fara jin abinci ya wuce mata maƙogwaro da daɗi.

Da mutane suka fara watsewa, ta tattara farantai ta nufi kicin. Ƙofar a buɗe take kaɗan. Mama na wanke wuƙa, Shanae na tsaye riƙe da waya, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Mama, sa'o'in yau a kuɗin wa zan sa? Na Kieran, ko na Tahlia kamar kullum?"