Hawayen Waliyyi

"Ina ƙwan da na ba ka na kwaɓa fenti?" in ji Fada, limamin cocinmu.

Mai zanen cocinmu ya shafa cikinsa. A shekarar nan ruwa ya ƙi ɗaukewa a yankin Tuskani na Italiya, alkama ta ruɓe, sai ya soye ƙwan, ya kwaɓa fentin da ruwa zalla, alhali ƙwai ne ke sa fenti ya kama bango.

"Makwaɗaici! Dubi waliyyin da ka zana!"

Danshin bango ya narkar da idanun hoton, baƙin fenti na gangarowa har gemu.

Wata tsohuwa ta leƙo, ta zube ƙasa. "Wayyo, kuka yake mana!"

Kafin yamma layin masu kawo wa coci sadaka ya kai bakin kogi.

Fada ya ja mai zanen gefe. "Ɗana, sauran waliyyan idanunsu a bushe suke. Soyayyen ƙwai kake so ko dafaffe?"