Akwatin Tsibirinsu

Ana faɗin sunan Sorcha Devane, yayyenta biyu suka cicciɓe ta a kafaɗa, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya ci zaɓe. Zauren ƙidaya ya kaure da sowa. Muryar mahaifinta ta danne ta kowa.

"'Yata ce! Daga tsibirinmu sai majalisa a Dublin!"

Daga can sama ta hango Malachy, dattijon da ya jagoranci kamfen ɗinta. Tun safe yake jingine da shinge yana kallon ƙuri'un duk akwatin da aka juye, don haka ya san inda kowane ƙauye ya karkata. Shi kaɗai ne bai tafa ba.

"Malachy, saki fuska mana! Ko makokin tsohon da na kayar kake yi? Yaya akwatin tsibirinmu? Na san mun share shi tas."

Ita a birni ta jefa tata ƙuri'ar. Tsibirin kuwa 'yan gidaje ne, kuma duk danginta; a can mahaifinta da yayyenta suka jefa tasu.

Ya matso, ta sunkuyo, ya kai baki kunnenta saboda hayaniya.

"A gabana aka juye shi, 'yar nan. Ko ɗaya ba ki samu ba. Tsohon ya yi musu alkawarin sabuwar tashar jirgin ruwa, su kuma ba su zaci za ki ci ba."

Ta dubi kawunan da ke ƙarƙashinta. Yayanta Cathal ya ɗago yana washe baki.

"Kada ki ji tsoro, ƙanwata. Ai muna riƙe da ke."