Yatsa a Kan Gwiwa

Zauna tukuna, Malama Rakiya, ki ajiye rajistar nan. Tun shekaranjiya kike cewa yarinyar nan ta ajinki kanta dutse ne, a soke sunanta kowa ya huta. Ban ce ƙarya kike yi ba, ni ma na ga littafinta. Amma bari in ba ki wani misali, in na gama ki yi abin da kika ga dama.

A garinmu an yi wata malama da ta shekara ɗari da uku a duniya. Tun tana amarya ta buɗe makaranta a gindin durumin tsakar gidanta, ta koyar da 'yan mata da matan aure, har sai da ta koyar da jikokin ɗalibanta na farko. Gajeriya ce, ga faɗa, amma ba ta taɓa ɗaukar bulala ba, harara ɗaya ta isa. Wata shekara aka kawo mata wata yarinya, 'yar mai ƙuli-ƙuli. Kai, wannan yarinya! A biya mata da safe, kafin azahar ya zube. Sa'o'inta suka yi izu biyar, ita tana nan tana kokawa da Fatiha. Uwarta da kanta ta zo ta ce a sallame ta ta koma matsar mai, a daina ɓata tawada. Malama ta ƙi. Da ta ga allo ba ya shiga, sai ta sake dabara. Kullum in an tashi sai ta zaunar da ita a gabanta, gwiwa da gwiwa, ta faɗi kalma ɗaya ta buga mata yatsa a gwiwa sau ɗaya, in aya ta ƙare ta dafa gwiwar da tafin hannu. Shekara huɗu ana wannan abu. Da ƙyar yarinyar ta samu abin salla, aka yi mata aure, ta gaji kaskon uwarta. Mutanen unguwa suka ce malama ta yi wahalar banza.

Kwanci-tashi, malama ta binne mijinta, ta binne sa'o'inta kaf, ta binne 'ya'ya biyar cikin bakwai. Ido ya tafi, kunne ya yi nauyi, duk ta ɗauka da haƙuri. Abin da ya karya ta shi ne ranar da ta ta da sallar azahar a zaune, tana da shekara ɗari cif, ta kai tsakiyar Fatiha, sauran ta ɓace mata ɓat. Matar da ta ƙare rayuwarta tana biya wa mutane! Ta yi ta kuka kamar ƙaramar yarinya, tana cewa ita ba mutuwa take tsoro ba, tsoronta ta je gaban Ubangijinta babu ko aya a bakinta. Jikokinta kuwa ba jahilai ba ne, akwai mahaddata, akwai masu digiri. Wani ya kunna ƙira'a a waya ya kara mata a kunne, ta ce ita ƙarar ruwa kawai take ji. Wata ta zauna tana ɗaga murya, ga tajwidi tsaf, amma tsohuwa ta kasa kamo bakin zaren. Mako uku ana haka. Ta daina cin tuwo, ta rame ta koma kamar kara.

Rannan da hantsi sai ga mai ƙuli-ƙulin nan, ita ma ta doshi saba'in, tana dogara sanda, ta zo dubiya da ɗan ƙullinta a bakin zane. Jikar nan mai tajwidi ta tare ta a ƙofar ɗaki, ta ce tsohuwa tana hutawa, a dawo wani lokaci. Ko kallonta matar ba ta yi ba. Ta cire takalmi, ta shige, ta zauna gwiwa da gwiwa da malamarta. Ta faɗi kalma, ta buga yatsa. Ta sake faɗi, ta sake bugawa. A bugu na huɗu leɓen tsohuwa ya motsa. Aya ta ƙare, ta dafa. Haka suka yi ta tafiya tare, har tsohuwa ta riga ta kaiwa amin. Sai ta laluba ta kamo hannun, ta kai hancinta, ta ji ƙanshin man gyaɗa, ta ce, “Ke ce, mai kan dutse? Ashe bai zube ba.” Matar ta ce, “Bai zube ba, Malama.” Ranar tsohuwa ta cinye tuwonta tas, har da neman ƙari. Mai ƙuli-ƙuli ta bar wa surukarta kasko, ta dawo da tabarmarta gidan. Kafin kowace salla sai ta biya mata a gwiwa, shekara uku ba fashi. Ranar da Allah ya karɓi abarsa, wata Alhamis bayan la'asar, tafin hannun matar nan yana kan gwiwarta, ta gama dafa aya ta ƙarshe ke nan.

Rakiya, malamar nan kakata ce, Allah ya jiƙanta. Jikar da ta tare ƙofa kuwa ni ce, kuma wallahi har gobe in na tuna kunya nake ji. Ga rajistarki nan, ga biro. Amma kafin ki ja layi a kan sunan yarinyar nan, ki tuna Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.