Fanka Da Rigimar Folda

Yaya Babba, Auta, ku zo ku zauna. Ke ma ajiye wayar nan. Labari zan ba ku, kada wanda ya katse ni.

Akwai wasu 'yan'uwa biyu da suka kama ofis ɗaki ɗaya a saman shagon mai gyaran agogo. Tebur biyu, butar shayi ɗaya. A can suka ƙera wata manhaja da masu gina shafin intanet suke aiki da ita a kwamfuta. Manhajar tana da kaya iri biyu da dole ta samu wurin ajiyewa: fayil ɗin rumbun bayanai, da kuma saitin mai amfani, wato launin da yake so da girman haruffa.

Wan ya ce a zuba komai cikin foldar aikin, kowane aiki ya ɗauki kayansa a ka. Ƙanin ya ce a'a, a ɓoye su a babbar foldar mai kwamfutar, wuri ɗaya. Da suka kasa daidaitawa, sai suka yi dabarar da ta fi ta kowa wauta: duk inda mutum ya buɗe manhajar, a wurin take zubar da kayanta, kamar kaza mai yawon ƙwai.

Sai ga wani baƙo a shafin koke-koke. Babu suna, hotonsa kuwa fankar silin ce mai lanƙwasasshen hannu ɗaya. Suka raɗa masa Fanka.

Fanka ya rubuta: "Na ƙara girman haruffa. Na buɗe sabon aiki, sun koma kamar tururuwa. Wa ya aike ku?"

Washegari ya dawo: "Fuskar kwamfutata ta cika da tarkacenku. A gidanku haka aka koya muku?"

Wan ya gyara zama ya ce, "Wannan babban injiniya ne. Ka ji yadda ba ya ɓata kalma? Kuma bayana yake bi."

"Bayanka?" in ji ƙanin. "Cewa yake saiti ya zauna wuri ɗaya. Maganata ce tsaf. Kai dai ba ka iya karatu ba tun muna yara."

Fanka bai taɓa rubutu da azahar ba, sai bayan la'asar. Suka ce ai a wata ƙasa mai nisa yake, agogonsu ya bambanta. Wan har sabuwar riga ya saya, ko da mutumin zai nemi ganawa ta bidiyo.

Ran nan wan ya faki ido ya maida komai foldar aiki. Ƙanin ya gani, ya maida komai ɓoyayyar folda. A tsakanin kai-kawon nan, rumbun bayanan Fanka ya yi ɓatan dabo, da duk hotunan da ya jera a shafinsa. Ya rubuta musu layi ɗaya: "Ku biyun nan bulala ce ta yi muku kaɗan."

Nan injiniya ya zama ɗan iska. Wan ya ce ƙato ne marar aikin yi. Ƙanin ya ce daga ji tsoho ne mai warin baki, wanda 'ya'yansa suka gudu suka bari. Suka toshe shi. Wannan ne abu na ƙarshe da suka yi da baki ɗaya.

Yanzu sun ja layin alli a tsakiyar ofis. Butar shayi tana kan layin, kowa yana zuba daga ɓangarensa. Ƙanin ya fara neman wani ɗakin haya, wan ya ce Allah raka taki gona bai ma isa ba, mota zai kira masa. Matansu sun daina gaisawa a kan folda.

To, kun san su, ba sai na nuna da yatsa ba. Ni ban haifi maza biyu don fayil ya raba su ba. Ke babbar yarsu, ki zauna a tsakiya. Ba ruwana ko a foldar aiki, ko a ɓoye, ko a ƙarƙashin gado. Ku zaɓi wuri, ku faɗa wa mutane inda yake, ku bar shi nan. Babu mai tashi daga ɗakin nan sai kun sasanta.

In kun gama, ku nemo mini hotunan jikokina, ku ƙara mini girman haruffa, sannan ku cire ni daga toshiyar nan, don tsohon nan mai warin baki, ni ce, uwarku.