Masu Aikin Ramin Rini

Ranar da ta fara ganinsa yana tsugune ne a bakin ramin rini, hannayensa shuɗi har gwiwar hannu. Zanen mahaifiyarta ta kawo a rina. Da ya ɗago kai sai ta mance launin da aka aiko ta ta faɗa, ta ce ya yi duk wanda ya ga dama. Daga baya aka ɗaura musu aure, ta tare a gidansa, ramin kuwa yana bayan gidan. Gadon mahaifinsa ne, shi ma a wurin nasa uban ya same shi. Ita mace ce mai tsafta, irin wadda ke wanke tukunya har ta ga fuskarta a gindinta. Komai na mijin nan tana so, ban da ramin. Ruwansa baƙi ƙirin, toka da ganyen baba sun jiƙa a ciki, ga ɗoyi, ga kaifi, in ya daɗe a fata sai ya tsattsage ta. A ganinta ko ƙuda ba zai kwana a wurin ba. Da ya tafi ta'aziyya wani gari mai nisa, sai ta ce bari ta yi masa abin da zai dawo ya yi murna. Ta kwashe ruwan, ta kankare tsohuwar lakar da ke ƙasa ta zubar a kwata, ta wanke ramin da sabulu da tafasasshen ruwa. Sannan ta zuba sabon ruwa da toka da baba daidai yadda ta saba ganin yana yi.

Rini ya ƙi nuna. Babu kumfa, babu ƙyallin nan da ke hawa saman ruwa. Farin ƙyalle in an tsoma, fari yake fitowa, sai ɗan dishi-dishi. Da maigidan ya dawo ya leƙa, ya daɗe a tsaye bai ajiye jakarsa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Amarya, kin kashe masu aikin." Ta ɗauka iskokai yake nufi, ta ɗauka ta auri mai ajiye mutanen ɓoye a rami ba ta sani ba. Shi kuma ya daina cin tuwonta da marmari, kullum yana zaune bakin ramin kamar mai zaman makoki. Ta kai kukanta wurin 'yar gwaggonta da ke aiki a ɗakin gwajin jini na asibiti. Waccan ta saurare ta, ta ce ta ɗebo mata ɗan ruwa daga ramin maƙwabcinsu, wanda shi ma marini ne. Aka ɗiga ɗigo ɗaya a gilashi, aka sa a ƙarƙashin madubin likita mai girmama ƙananan abubuwa, aka ce ta kanga ido. Ta duba, ta ja da baya har ta ture kujera. A cikin ruwan nan mai cin fata, halittu ne cunkus, ƙanana kamar ɓarzajjen tsinke, suna ta motsi. Aka gaya mata kaifin tokar da zai hallaka wasu, su a cikinsa suke ƙiba, kuma su ne ke narkar da baba har ya kama zare. Tsohuwar lakar da ta zubar, nan ne gidansu tun zamanin kakan mijinta.

Ba ta biya gida ba. Ta ari ƙwarya ta durƙusa a gaban maƙwabcin, ta roƙi lakar gindin raminsa. Tsohon ya ce, "Yau ga mai tsafta tana bara da ƙazanta," amma ya cika mata. Da hannunta ta juye a ramin, mijin yana kallo. Kwanaki suka shuɗe kafin wata safiya kumfa ta taso, shuɗiya mai ƙyalli. Ya tsoma yatsa ya duba, ya ce rini ya nuna, sai dai ba irin na mahaifinsa ba ne, wancan kam ya tafi. Ta tsaya a gefensa, idonta cike da ƙwalla, ta ce, "Maigida, na yi maka alkawari, ba zan ƙara wanke wani abu naka ba sai na tambayi wa ke zaune a ciki."

Ke da za ki shiga gidan da ba ke kika gina ba, ki riƙe wannan. Hausawa sun riga mu faɗa: abincin wani, gubar wani.