Tiyon Motar Ashiru

Da Malam Sabi'u ya ɗaga bonet da safe, sai ya tarar an sake kwance su. Tiyon da ke kai baƙin mai cikin sufacaja, da ɗan'uwansa mai mayar da man ƙasa, ga su nan a jere a kan buhu, notinansu a cikin murfin gwangwani, har an goge su. Shi kuwa zai iya rantsewa jiya kafin la'asar da hannunsa ya ɗaure su.

Motar ta ɗansa ce, Ashiru, babban ɗansa da ke aiki a Ƙaraye. Yaron tun yana ƙarami yake da son gudu. Shi ya je Kano ya sayo sufacajar, na'ura mai cusa wa inji iska don ƙarin ƙarfi, ya shigo da motar cikin gidansu a Rogo Sabon Gari, ya ce ba wanda zai taɓa ta sai Baba. Malam Sabi'u ya daɗe yana kanikanci a bakin tasha kafin hawan jini ya zaunar da shi a gida, ya bar masa nauyin hannun hagu. Ashiru ya ce in an gama a kira shi.

Aikin ba wuya gare shi ba, natsuwa kawai yake so. Tiyon sama siriri ne, in ya yi yoyo na'urar za ta ƙone. Na ƙasa kuwa dole ya gangara sambal zuwa kaskon mai, ba lanƙwasa ko kaɗan, in ba haka ba man ya taru ya fasa. Ya kori kazar da ta mayar da ƙarƙashin motar gidanta, ya kwanta a kan tabarma ya soma daga farko. Tayoyin duk sun sace. Ya yi tsaki, ya ce tayoyin zamani ba su da ƙarko.

Washegari ma haka. Buhu, tiyo biyu, noti a murfin gwangwani.

Da farko ya zargi yaran maƙwabta, amma yaro ba ya kwance noti bai cinye masa kai ba, kuma wannan kwancewa ce ta mai haƙuri. Ya tambayi matarsa Barira ko wani ya shigo. Ta ce ba ta ga kowa ba, ta ci gaba da tankaɗe, ba ta ɗago ba.

Daga nan tsoro ya soma shigarsa. Motar ta hannu ce, wa ya san abin da ya taɓa faruwa a cikinta? In ya buɗe ƙofa sai ya ji ƙamshin turaren Ashiru, can-can, kamar na tsohuwar riga a ƙasan akwati. Wani lokaci yana kwance a ƙasa sai ya ji kamar an tsaya a kansa ana jiran ya gama, in ya leƙo ba kowa sai inuwar darbejiya. Ya kira wayar yaron don ya gaya masa, aka ce a kashe take. Ya ce matsalar layi ce.

Ya sami Malam Sulle, limamin unguwa, bayan azahar. Suka gaisa, aka tambayi jiki da iyali, sannan ya zayyana masa komai.

"Ina jin akwai abin da ba ya son motar nan ta tashi, Malam. Ga yaro yana jirana."

Liman ya daɗe yana kallon carbinsa. "Ka yawaita addu'a, Malam Sabi'u. Kuma ka bi aikin a hankali, ba gaggawa."

Cikin mutanen da ke zaune a gefe, ɗaya ya miƙe ya ce ya tuna wani uzuri.

Ranar ya yi aikin da bai taɓa yin irinsa ba. Ya sa sabbin zobba a ƙarƙashin notinan, ya ɗaure kowane noti har sai da kafaɗarsa ta amsa, ya duba gangarar tiyon ƙasa da idonsa da yatsansa. Saura ya zuba mai gobe ya tayar. Da aka kira la'asar ya yi alwala ya fita kamar kullum, amma bai wuce zaure ba. Ya raɓe a bayan ƙofa yana karanta duk abin da ya zo bakinsa.

Gidan ya yi tsit. Can sai ya ji bonet ya yi ƙara a hankali. Sai ƙarar sifana a kan ƙarfe, ƙas, ƙas.

Ya yi bisimilla ya fito.

Barira ce, ta sunkuya cikin injin, ta naɗe hannun rigarta, baƙin mai har gwiwar hannu. Sifanar ta zauna a hannunta zama na wadda ta saba. Da ta gan shi ba ta firgita ba, sai dai kafaɗunta suka sauka.

"Ke ce? Barira, ke ce kike mayar da ni mahaukaci a gidana? Me yaron nan ya yi miki?"

Ta ajiye sifanar a kan buhu. Kamar yadda ta saba, ba ta kama sunan ɗan farinta ba.

"Malam, ka yafe mini. Na gaji ne da ganin ka gama ta." Hawaye ya gangaro mata, ba ta share ba. "Duk ran da ta tashi sai ka sa babbar riga ka ce a kai ka Ƙaraye ka yi masa albishir, mu kuma sai mu kai ka maƙabarta, ka tsaya a kan kabarinsa kana kuka kamar yau aka binne shi."