Garin da Injiniya Ya Yi Karatu

Kwana tara ke nan takardun nan biyu suna kan teburin cin abinci, har ɗaya ta sha miya a gefe. Sista ta ɗaga su ta goge teburin, ta sake ajiye su daidai inda mijinta zai zauna.

Asibitoci biyu ne a ƙasashe biyu suka ɗauke ta aikin jinya, kowanne ya ce ta taho da iyalinta. Na farko a wani gari yake na bakin teku. Gida mai ɗaki uku, makarantar yara a tsallaken titi, asibitin kuwa da ƙafa ma sai a je. Na biyu yana can cikin duwatsu, inda motar haya ke wucewa sau biyu a yini, makaranta tafiyar awa guda. Da 'yan biyu masu shekara biyar, ko makaho ya shafa ai ya san wadda zai ɗauka. Ranar Alhamis wa'adi zai cika, in ba ta zaɓa ba a ba wata.

Amma mijin nata, Injiniya, ya kafe, shi dai garin duwatsu.

Abin da ya fi ƙona mata rai, garin tekun nan fa shi ne inda ya yi shekara huɗu yana karatu kafin aurensu. Daga can ya dawo da sunan Injiniya, ko da yake gyaran firiji yake yi a ɗan shagonsa, takardun shaidar kuma wai sun ɓace a wajen ƙaura. Ita a tunaninta aiki ya zo da sauƙi, ga mutumin da ya san gari. Ina! Ta tambaye shi unguwar da ta fi kwanciyar hankali, ya ce duk ɗaya suke. Ta tambaye shi inda kasuwa take, ya ce ai yanzu an canja komai. Abokan karatu fa? Kowa ya kama gabansa. Abin da kawai yake faɗa da ƙarfinsa shi ne sanyin garin ta bango yake shigowa, abincinsu kuma ba gishiri.

Haba jama'a! A bar makarantar yara saboda gishiri?

Da yaran suka dame shi ya koya musu yaren can, kalmomi uku ya iya kawowa: tashi, jeru, yi shiru. Suka yini suna yi wa juna tsawa da su suna dariya, shi kuwa ya sunkuya a kan farantinsa, ya kare shi da hannu ɗaya kamar yadda ya saba, ya cinye cikin minti biyu ya fita.

Ta kai ƙara wurin surukarta, tana sa ran a tsawata masa. Tsohuwar da ko tsintsiya ka ajiye a karkace sai ta yi magana, ranar murza bakin zanenta kawai take yi.

“Ki bi zaɓinsa, 'yar nan,” ta ce. “Duwatsun ma ai mutane ne a ciki.”

Sista ta dawo gida kamar ta fashe. Wato uwa da ɗa bakinsu ɗaya. Shekara biyu ta yi tana jarrabawa, tana karatu da yaro a cinya, tana bin layin tantance takardu har takalminta ya cinye, yanzu kuma a ce ta kai 'ya'yanta bayan duniya ba tare da an ba ta dalili ko ɗaya mai kama hankali ba. Ta yi lallashi, ta yi fushi, ta yi kwana biyu ba ta ce masa ci kanka ba. Mutumin nan ko gezau.

Ranar Laraba ta sa hannu a takardar garin teku, ba ta gaya wa kowa ba. Ofishin da ake ɗaukar hoton yatsu ɗaya ne ga ƙasashen biyu, don haka da safe ta ce masa kawai ya shirya, an kira su. Ya ɗauka ta sauko. Har da saya wa yara alewa a hanya.

Suka karɓi lamba arba'in da uku suka zauna a kujerun roba. Ana kiran arba'in da ɗaya ta miƙa masa fom ya sa hannu. Ya duba sunan ƙasar da ke sama. Ɗakin sanyi ƙalau, amma nan take gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya miƙe, ya ja hannunta zuwa baranda.

“Sake ni!” ta ce, ba ta ma damu da masu kallo ba. “Wallahi na gaji, Abban 'yan biyu. Mace ka bari a can? Ɗa gare ka? Ka faɗa mini yau, ko mene ne!”

“Idan na ɗora yatsuna a kan na'urar can, ba ni kaɗai za su hana ba. Ke ma za su soke takardarki.”

A ciki aka kira arba'in da biyu. Ta tsaya tana kallonsa.

“Ban san inda kasuwarsu take ba, Maman 'yan biyu, ko tekun ban taɓa gani ba,” ya ce, muryarsa can ƙasa. “Jakar wani na riƙo masa a jirgi, ashe haramtattun kaya ne a ciki. Daga filin jirgi aka wuce da ni kotu, shekara huɗun nan kuma a gidan yari na yi su.”